Tambayi Mai Lambu: Kafa reshe da tsallakar da furanni hunturu

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suka zo, wato furannin nan masu itace da ba sa jure sanyi, su hibiskus, bugenbiliya, fushiya, jeraniyum, lantana da oliyanda, yadda za a yawaita su da kuma yadda za a raya su a wuraren da sanyin hunturu ke kaiwa har ruwa ya daskare. Na ɗauki waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da fushiya da jeraniyum a tukwane, maƙwabciyata tace in na yanki reshe na kafa zai yi jijiya, toh na yanka na kafa a ƙasar da na ɗebo a lambu ina zuba ruwa safe da yamma na kuma rufe su da leda, amma ko sati biyu ba a yi ba gindin duk ya yi baƙi ya ruɓe har da wani farin gashi-gashi a sama, wallahi abin ya dame ni, ina kuskuren yake?
Daga wata baiwar Allah

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki, fushiya da jeraniyum na cikin mafi sauƙin kamawa, ruwan ne ya yi yawa kuma ƙasar ba ita ba ce. Kinga reshen da aka yanke ba shi da jijiya ko ɗaya, bai da abin shan ruwan da kike ta zuba masa, abin da yake buƙata a bakin yankan nan danshi ne kaɗan da iska, to ita kuma ƙasar lambu in ta jiƙe a tukunya sai ta cure ta toshe ko'ina iska ba ta shiga, ga shi dama tana ɗauke da ƙwayoyin fumfuna masu jiran rauni, su ne suka shiga ta wurin yankan suka baƙanta gindin. Wanda gindinsa ya riga ya yi baƙi ba ya dawowa, ki zubar da shi da ƙasar gaba ɗaya ki wanke tukunyar da sabulu da ruwan zafi.

In za ki sake, ki haɗa rabi palayit, farin dutsen nan mara nauyi da masu sayar da kayan lambu ke da shi, rabi kuma niƙaƙƙen zaren kwakwa, in babu palayit wankakken yashi mai kaushi ya wadatar. Ki jiƙa haɗin ki damƙa a hannu, in ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsunki to ya yi yawa. Tukunyar kuma dole ta kasance da huji a ƙasa.

Reshen da za ki zaɓa shi ne na bana, lafiyayye, wanda bai da fure, gindinsa ya fara tauri amma kansa da sauran taushi. Da sassafe ake yanka lokacin da shukar take cike da ruwa, da reza ko wuƙa mai kaifi da aka goge da sipirit, almakashi mara kaifi murje reshen yake yi. Tsawon santimita 8 zuwa 10 ya isa, kuma ki yanka daf da ƙasan gaɓa, inda ganye ke fitowa, don nan ne sinadarin oksin da ke sa jijiya ta fito ya fi taruwa. Ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu zuwa huɗu a sama, in akwai ɗan ƙullin fure ki tsinke shi ko da kina jin tausayinsa, don ƙarfin da ya kamata ya tafi ga jijiya shi zai shanye. Ki yi rami da fensir ki saka reshen ki ɗan danne gefensa, huɗu ko biyar a zagaye bakin tukunya ɗaya.

Maganar leda, nan ne su biyun suka rabu. Fushiya tana son leda saboda ganyenta siriri ne yana saurin yaushi, amma ki kafa 'yan tsinkaye su ɗage ledar kar ta taɓa ganye, kuma kullum ki buɗe na 'yan mintuna ki kakkaɓe gumin da ya taru. Jeraniyum kuwa sam ba a rufe shi, jikinsa cike yake da ruwa ganyensa ga gashi, yana shiga leda zai ruɓe, ni har na fi son a bar reshensa a inuwa na 'yan awowi bakin yankan ya tsane kafin a kafa. Ki ajiye su wuri mai haske amma ba cikin rana tsaka ba, ɗumin da suka fi so digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salsiyus. Fushiya sati 2 zuwa 3 ta yi jijiya, jeraniyum sati 3 zuwa 4 ko ya ɗan haura. Kar ki riƙa tumɓukewa kina dubawa, ki jira sabon toho a sama ko farar jijiya ta leƙo ta hujin tukunya.

Hodar kafa reshe da ake sayarwa, mai sinadarin IBA, tun wajen 1935 masana suka gano tana sa jijiya ta fito, tana da amfani ga hibiskus da bugenbiliya amma waɗannan naki biyun ba su damu da ita ba. Mai amfani da ita ya zuba kaɗan a murfi ya tsoma a nan ya kakkaɓe, kar a tsoma reshe cikin gwangwanin a gurɓata sauran.

Sai lokaci, kuma wannan nake so kowa ya riƙe ko da bai karanta sauran amsoshin ba. A kafa rassa tun saura sati 6 zuwa 8 raɓa ta fara daskarewa, a ƙasashen arewacin duniya wajen Agusta zuwa farkon Satumba kenan, a kudanci kuma Fabrairu zuwa Maris. 'Yan ƙananan tukwane goma za su zauna a bakin taga ɗaya, uwar shukar kuwa ita kaɗai sai ta cinye kusurwar ɗaki, kuma in hunturu ya tafi da ita kina da 'ya'yanta iri ɗaya sak, launi ɗaya, don reshe ba ya canza kama kamar yadda iri ke yi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Hibiskus ɗina da ya yi fure ja sosai lokacin zafi na shigo da shi falo da sanyi ya fara, yanzu ganyen sai rawaya yake yana zubewa ƙullin furen ma duk sun faɗi, na ƙara masa ruwa na sa taki na matsar da shi kusa da hita ko zai ji ɗumi amma abin sai gaba yake, ya mutu kenan?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗan'uwa kar ka yi saurin yanke ƙauna, amma abubuwa ukun nan da ka yi, ƙarin ruwa da taki da hita, ka dakatar da su yau ɗin nan. Ka kankare ɓawon reshe kaɗan da farce, in ka ga kore a ciki da ɗan danshi yana da rai, in ruwan ƙasa ne busasshe ka gangara ƙasa-ƙasa ka sake gwadawa har gindi.

Abin da ya same shi rashin haske ne. Hasken rana tsaka a waje yana kaiwa wajen lakis 100,000 (lakis ma'aunin ƙarfin haske ne), tsakiyar falo kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai, idonmu ne ba ya ganin girman bambancin amma ganye yana gani, shi ya sa shukar ke zubar da ganyen da ba za ta iya ciyarwa ba, kuma wannan zubewar ta farko ba cuta ba ce, kusan duk hibiskus da aka shigar ɗaki sai ya yi ta. Matsalar tana farawa ne in mai shi ya tsorata ya ƙara ruwa, alhali shukar da ganyenta ya ragu shan ruwanta ma ya ragu, sai ƙasar ta zauna jagab jijiya ta shaƙe ta ruɓe, ganyen ya ƙara yaushi, a sake ƙara ruwa. A abin da na gani, furannin da ke mutuwa a cikin gida da hunturu yawanci ta wannan hanyar suke tafiya, ruwa da ɗumi ba haske, tun kafin sanyin ma ya taɓa su.

Ka kai shi tagar da ta fi samun rana, a arewacin duniya mai kallon kudu kenan, nesa da hita nesa kuma da ƙofar da ake yawan buɗewa. Hibiskus ɗan ƙasashen zafi ne, dangin auduga da rama, ƙasa da digiri 10 wahala yake sha, in ya samu 13 zuwa 18 zai zauna lafiya ko da bai yi fure ba. Ruwa sai ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu ka ji a bushe, ka zuba har ya fito ta ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Taki kuma sai hunturu ya fita ka ga sabon toho. In tagarka ba ta da kirki ƙwan LED na shuke-shuke awa 12 zuwa 14 a rana yana taimakawa ƙwarai.

Tunda ya zauna kusa da hita ina zargin akwai ƙananan gizo-gizon ganye, busasshiyar iska mai ɗumi suke so. Ka riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka girgiza, in ka ga ɗige-ɗige kamar ƙura suna motsi su ne, wani lokacin har da siririyar yana a hammatar ganye. Ka rufe bakin tukunyar da leda ka wanke shukar da ruwa mai ɗan ɗumi musamman bayan ganye, sannan ka fesa sabulun kashe kwarin shuka ko man darbejiya, a maimaita duk sati har sau uku ko huɗu don ƙwansu ba ya mutuwa a feshin farko. Baɗi in Allah ya kai mu, ka fara mayar da shi inuwa a waje na sati biyu kafin ka shigar da shi, ka rage kashi ɗaya cikin uku na tsawon rassan, zubewar za ta zo da sauƙi.

TAMBAYA: Ɗana, Allah ya yi albarka. Na manyanta, tukwanen nawa kuma manya ne, cikin gida ba wuri, sai gareji mai ƙaramar taga ɗaya. Akwai fushiya, lantana, oliyanda, bugenbiliya da mai fure kamar kakaki ɗin nan mai kallon ƙasa. Za su rayu a can?
Daga wani dattijo mai ritaya

AMSA: Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Za su rayu in dai garejin ba ya daskarewa, kuma gaskiya ga yawancin waɗannan da kuka lissafa garejin ya fi falo. Ƙa'idar ita ce gwargwadon duhun wuri gwargwadon sanyin da ya kamata ya yi, sanyin ne ke sa shuka barci ta daina neman haske, in aka haɗa mata duhu da ɗumi sai ta yi ta fitar da dogayen fararen toho marasa ƙwari har ta ƙarar da abin da ta tara. Digiri 5 zuwa 10 ake nema, fushiya ma 4 zuwa 7 ya fi mata. Ku sa a sayo muku ma'aunin zafi irin mai riƙe mafi ƙanƙantar lambar da aka kai cikin dare, a ajiye shi kusa da tukwanen ba a rataye can sama ba, don sanyi ƙasa yake kwanciya.

Fushiya da lantana da mai kakakin nan, burugmansiya, duk za su iya kwana a duhu. A rage rassansu kamar rabi, a cire sauran ganyen duka, a tsince wanda ya zuba a bakin tukunya don a mataccen ganye fumfuna mai ruwan toka ke farawa. Oliyanda ba ya zubar da ganye, shi za a ba wa gaban tagar, bugenbiliya ta biyo shi a ɓangaren da ya fi ɗumi, ita za ta zube ta zama ƙaya da itace zalla kamar ta mutu amma ba ta mutu ba. A ɗora tukwanen kan katako kar su zauna kan siminti. Ruwa kamar sau ɗaya a wata, kofi ɗaya ko biyu, don dai ƙasar kar ta bushe ƙurmus ta janye daga jikin tukunya. Ranar da gari ya ɗan sassauta a buɗe ƙofa iska ta zaga.

Kafin a shigar da fushiya a sa wani yaro ya zare ta daga tukunya a duba, akwai wata farar tsutsa mai lanƙwasa da kai ruwan ƙasa da ke cinye jijiyarta a ɓoye duk tsawon hunturu, sai an zo fitarwa a ɗaga shukar ta taho a hannu ba jijiya.

Wannan dabara tsohuwa ce Baba. A fadar Basai ta Faransa, tsakanin 1684 da 1686, magini Jules Hardouin-Mansart ya gina wa sarki Louis na 14 katafaren ɗakin ajiye itatuwa, bangonsa kaurin mita 4 zuwa 5, manyan tagoginsa na kallon kudu, har yau itatuwa sama da 1,000 a akwatunan katako, cikinsu har da oliyanda, a nan suke hunturu a wajen digiri 5 zuwa 8, a fito da su a watan Mayu. Sanyi-sanyi ne da haske da ƙarancin ruwa, abin da garejinku zai iya bayarwa daidai gwargwado.

TAMBAYA: Malam ni fa ba zan iya ɗaukar tukwane ba, in na naɗe su da leda a waje ba shikenan ba?
Daga wata uwa

AMSA: Hajiya ya danganta da irin sanyin wurinku da irin shukar. Farin mayafin lambu mai shan iska kariyar wajen digiri 2 kawai yake bayarwa, yana ceto a daren da sanyi ya ɗan gota sifili, dare mai garau ba hadari ba iska shi ne abin tsoro, amma ba zai riƙe hibiskus ko bugenbiliya a wurin da ake sati ana ƙanƙara ba, don ruwan cikin ganye da reshe in ya daskare fasa ƙwayoyin jikin shukar yake. Leda kuma kar ta taɓa ganye, gumi take tarawa ya daskare a jikinsa. Ita tukunyar ce za ki naɗe da buhu ko leda mai kumfa, saboda jijiyar da ke tukunya sanyi ta ko'ina yake zagaye ta, ki jawo su jikin bango ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya jiƙa su.

Ki duba takardar da ke jikin shuka in kin saya. A Birtaniya ƙungiyar lambu ta RHS tana sa alama daga H1a zuwa H7, H2 na nufin tana jure digiri 1 zuwa 5 amma ban da daskarewa, H3 kuma har zuwa 5 ƙasa da sifili. A Amurka taswirar shiyyoyin sanyi ta ma'aikatar noma ake bi, an sabunta ta a 2023. Akwai fushiya masu jure sanyi da ake bari a ƙasa a tula musu busasshen ganye a gindi, saman ya mutu su sake tohowa daga ƙasa, in ɗaukar tukwane ne matsalar irinsu ya kamata ki nema.

TAMBAYA: Na sa reshen oliyanda a kwalbar ruwa a kicin ya yi jijiya, yaushe zan dasa? Ina da yara ƙanana.
Daga wata mai karatu

AMSA: Ƙanwata kafin maganar dashe, ki ɗauke kwalbar nan daga kicin yanzu ki kai inda hannun yaro ba ya kaiwa. Oliyanda guba ne tun daga ganye har fure har jijiya, sinadarin da ke cikinsa zuciya yake taɓawa, ruwan kwalbar ma kar yaro ko dabba su sha, ba a ƙona rassansa saboda hayaƙin, kuma ki sa safar hannu in za ki yanka. Burugmansiya ma guba ce, 'ya'yan lantana ɗanye ma haka. In yaro ya tauna ko kaɗan ne a tafi asibiti nan take, kar a jira alama.

Dashe kuwa da jijiyar ta kai santimita 3 zuwa 5 ki dasa, jijiyar ruwa tana da saurin karyewa kuma in ta yi tsawo sosai wuyar sabawa da ƙasa take. Ƙaramar tukunya, ƙasa mai sakin ruwa, inuwa na sati guda.

TAMBAYA: Malam bugenbiliya ta ƙi kama min ta reshe ko da hoda, sannan yaushe ake fitar da waɗanda suka yi hunturu a ɗaki?
Daga wani mai sha'awar furanni

AMSA: Ɗan'uwa bugenbiliya dama haka take, sai ta yi wata 2 zuwa 3 kafin ta yi jijiya, kuma tana son gindin tukunyar ya yi ɗumi, wajen digiri 21 zuwa 24, da reshe mai ɗan tauri kaurin fensir, santimita 10 zuwa 15. Da yawa tana gab da kamawa suke gajiya su zubar. In ta ci gaba da ƙi, ka sa ta yi jijiyar tun tana jikin uwarta: lokacin zafi ka zaɓi reshe, ka feƙe ɓawon a zagaye faɗin santimita 2 a ƙasan gaɓa, ka shafa hoda, ka dunƙula jiƙaƙƙen zaren kwakwa a wurin, ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa, ka rufe da takardar alminiyam kar rana ta dafa shi. Uwar na ci gaba da shayar da reshen, ranar da ka buɗe ka ga jijiya ta cika ledar sai ka yanke daga ƙasa ka dasa, a hankali ƙwarai, kar ka warware dunƙulen don jijiyarta siririya ce ba ta son taɓi.

Fitarwa kuma kar ranar farko mai daɗi ta ruɗe ka. Saura sati 4 zuwa 6 sanyi ya wuce ka matso da na gareji wurin haske, ka yanke matattun rassa har inda kore ya fara, ka canza ƙasar saman tukunya, ka ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, taki sai toho ya fito. Bayan daren daskarewa na ƙarshe a yankinku ka fara fitar da su inuwa na 'yan awowi kana mayarwa da yamma, kullum kana ƙara lokaci da rana har kwana 10 zuwa 14, don ganyen da ya fito a ɗaki in ya shiga rana kai tsaye fari yake yi ya ƙone cikin yini ɗaya. Fushiya da oliyanda su ne na farkon kwana a waje, hibiskus da bugenbiliya kuwa sai dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10.